Lambar Takardar Aure

Shekara huɗu ke nan Pak Darmadi, tsohon malamin lissafi a Klaten, yana fama da lamba guda: lambar takardar aurensa da marigayiya matarsa, mai alƙaluma tara. Ya kafe cewa irin lambobin nan ce da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Kullum da safe, shayi na gefe, yakan raba ta da guda daga cikin irin waɗannan lambobin, bi da bi, ya rubuta saura a littafi, ya sa kwanan wata. Ya wuce dubu goma sha biyu, lambar ta ƙi rabuwa.

Littattafan nan su ne makamin 'yarsa Wulan. Yayanta Hartoyo ya dage a kai tsohon gidan kula da tsofaffi a Jakarta, wai hankalinsa ya fara tafiya.

"Jiya fa ya kira ni da sunan ƙanensa," in ji shi a waya.

"Haba Yaya, kai da ko lissafin kuɗin mota sai ka ƙirga da yatsu? Wanda ya rikice ne zai cika littafi bakwai?"

"To malama, kin taɓa dubawa?"

Ba ta taɓa ba. Don ta rufe masa baki, ta sa lambar a manhajar lissafi ta wayarta. Abin da Baba ya yi shekara huɗu yana nema, wayar ta faɗa kafin Wulan ta ƙifta ido: sha bakwai na raba ta, ba saura.

Sha bakwai! Ta ciro littafi na farko daga ƙasan kabad. Shafi na bakwai, sati biyu bayan an binne Mama, ga shi da kyakkyawan rubutunsa: ya cire takwas daga sha uku, ya sami shida. Kuskuren da ya sha jan kunnen yara a kansa shekara talatin. Ashe tun ranar abin ya fara, ita tana kawo shayi tana alfahari.

Ta zauna a ƙasa da littafin a cinya. In ta faɗa masa, me zai tashi ya yi gobe da safe? In ta yi shiru, Hartoyo na jiran amsa. Ta rasa inda za ta sa kanta.

"Wulan!" ya kira daga baranda, muryarsa cike da murna. "Yau ma ta ƙi. Na faɗa wa uwarki, mu ba mai raba mu. Je ki kira ta ta gani."

Wayar na ta ruri a hannunta, sunan Hartoyo a kai.

"Ta je kasuwa, Baba," ta ce. "Kawo fensirin in fere maka."