Teburin Gyaran Agogo

Tun da Baba ya rasu, Mama ta gaje teburinsa na gyaran agogo. Da ta maƙala gilashin nan na masu gyara a ido ta ɗauki hantsaki, shi ke nan, ko gini ne ya faɗi ba ta ji. Ni autarta abin daɗi yake mini, don rabon da in ga fuskarta a sake haka har na manta.

Sai ran nan tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya kai gidan maƙwabta, ita kuwa tana can cikin agogon wani direba. Yaya, babbanmu, wanda komai sai ya yi masa shari'a, ya ce an gama, za a fitar da teburin. Na ce masa tukunya ce ta ƙone, ba gari ba. Ya ce yara su yi shiru.

Washegari da hantsi ya zo da ɗan dako. Ya tsaya a kanta ya yi jawabi mai tsawo kan tsufa, da gobara, da abin da mutane za su ce. Mama ba ta ɗago ba. Wallahi ba shariya ba ce, ba ta ji shi ba ne.

Da ya dafa teburin, sai ta riƙe masa hannu.

"Mama, abin nan ya cinye miki hankali," in ji shi.

"Ya cinye! Shekara da shekaru kunnena na wajen wani. Kukanku, tarin babanku, tafasar tukunya. Ko salla nake, rabin hankalina na kanku. Yanzu na sami abin da zan nutse a ciki, za ka ce in fito? Tebur dai ba inda za shi. In za ka ɗauka, ka haɗa da ni."

Ɗan dako ya dubi Yaya, ya dubi Mama, ya sulale abinsa.

"Tunda ka zo, haska mini nan," Mama ta miƙa wa Yaya tocila.

Ya karɓa yana huci. Ta taɓa wani ɗan gashin ƙarfe da bakin hantsaki, wata ƙaramar ƙafa mai juyawa a cikin agogon ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa. Yaya ya sunkuya har kansa na gogar nata.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu har ta katse. Bai ji ba.