Ragin Ƙarshe na Goggo Ragi

"Ajiye, sake ɗauka," in ji Goggo Ragi daga kan gado. "Kin gani ko? Idonki ya riga bakinki tona miki asiri."

Maman Biyu ta mayar da zanen cikin sauran ukun da aka shimfiɗa a gefen katifa, wai nan ne shago, tsohuwar kuma ita ce mai yadi.

Ɗakin Goggo bango ɗaya ne da nata. Duk shekara in biki ya matso, matan gidan hayar su biyar sukan haɗa ɗan abin da ke hannunsu su damƙa wa Goggo, ta tafi layin masu yadi ta dawo da ƙarshen bandir, guntayen da kan yi saura bayan an gama yanka. Da su ake ɗinka wa yaran gidan goma sha ɗaya sababbin kaya. Bana ciwo ya kwantar da ita, likita ya sallamo ta bai ce a dawo ba. Kaya sun yi tashin da ba a taɓa gani ba, abin da aka haɗa kuma bai kai na bara ba.

"Ki shafa wanda ba kya so, ki yaba shi," in ji Goggo, numfashinta na sarƙewa. "Wanda kike so, ki kira shi tarkace. In mai yadin ya ƙi tayinki, ki fita. Kar ki waiwaya sai ya kira ki sau biyu."

"In bai kira ba fa, Goggo?"

"Zai kira. Sannan, 'yar nan, kar ki kuskura ki ce masa ina kwance. Shekara ashirin ina kayar da mutumin nan a tsaye. Ba na son ragin tausayi."

A layin masu yadi, shagon mutumin ya cika maƙil, ana ta ture-ture. Maman Biyu ta kama wani yadi ruwan ƙasa mai kaushi, ta shafa shi kamar ta ga zinariya, ta ji kuɗinsa, ta ja tsaki. Ta gefen ido ta riga ta hango buhun guntayen a ƙarƙashin tebur, shuɗaye masu laushi.

"Baba, wancan tarkacen fa, na zubarwa ne?"

"Tarkace? Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah!" Ya faɗi kuɗi. Ta taya rabi. Ya dafe ƙirji ya ce gara ta ɗauke shagon gaba ɗaya.

Ta juya ta fita.

"Zo mana, mu yi magana."

Kira ɗaya ke nan. Ta tuna 'yan biyunta, rigunan bara ko gwiwa ba sa rufe musu. Ta wuce mai gyaran takalmi, shiru. Ta wuce mai sayar da maɓallai, shiru. Ta kusa shan kwana.

"Ke! Dawo, dawo ki kashe ni ki huta!"

Ta dawo, ya sallama mata. Yana tura guntayen cikin leda yana girgiza kai. "Tafiyar nan na san mai ita. Ina tsohuwar nan? Bana ba ta zo ta cinye ni ba."

Kalma ɗaya za ta faɗa, ta san har kyauta sai ya ƙara mata.

"Ɗaure min tukuna, Baba." Sai da ta biya, ta rungume ƙullin, sannan ta ce, "Tana gida. Tana gaishe ka."

"To ki ce mata ta turo wadda ta fi ta mugunta."

Goggo ba ta iya tashi zaune ba, sai hannu ta zura cikin ƙullin tana murza yadin da yatsu biyu.

"Sau nawa ya kira?"

"Biyu."

"Kin waiwaya a na farko?"

"Ko wuyana bai motsa ba."

"Bakinki fa?"

"Bai san komai ba. Cewa ya yi ma na fi ki mugunta."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya kama ta, sai da aka ɗaga mata kai aka ba ta ruwa. "Ƙarya yake," in ji ta, tana share hawaye. "Amma kin kusa."

Washegari da hantsi Goggo ta cika, keken ɗinkin matar tela na ta ƙara a tsakar gida. Aka tsayar da ɗinki. Bayan kwana biyu wata ta ce anya ya dace yara su yi ado bana?

"Za su sa," in ji Maman Biyu, ta jawo keken ta zauna da kanta. "Har na goye sai ya sa."

Ranar biki da safe yara goma sha ɗaya suka fito cikin shuɗi, suna gwada wa juna aljihu. Da suka zo ƙofar Goggo mai kwaɗo a jiki, suka rage murya ba tare da an ce musu ba. Maman Biyu ta ga wani zare na lilo a bakin rigar 'yarta. Ta durƙusa a wurin, ta tsinke shi da haƙori.