Miyar Babban Baƙo

Cokali ya tsaya a hannun Mounkaila tsakanin kwano da baki.

"Hudu, mene ne wannan a cikin miya?"

Hudu ya yi murmushi. Tun da ya baro Gaya ya sauka gidan yayansa Mounkaila a Vaulx-en-Velin ta ƙasar Faransa, ci yake yana sha, bai taɓa saka masa da komai ba. Ranar Lahadi Mounkaila ya kai shi wani daji a bayan Lyon, ya durƙusa a gindin bishiya, ya nuna masa wata laimar kwaɗi mai ruwan ƙwai. Ya ce a duk yankin nan kaɗai ta rage, a kanta yake bincikensa, kuma dominta malaminsa, wani tsohon Bature, zai taso daga Paris. Hudu ya tambaya ko ana ci. Aka ce ana ci.

Shi kuwa ɗan masunta ne. A gidansu ba a tarbar babban baƙo da kifi. Ayu ake sokowa, don shi ya fi wuyar samu a kogi. Saboda haka da safe, ranar da malamin zai iso, ya hau bas shi kaɗai ya koma dajin.

"Duka ka kwaso?"

"Duka, Yaya. Har ƙasar na tone, kada Baturen ya ce mun yi rowa."

"Innalillahi! Kai, wannan ba ciyawa ba ce da za ka sare ta tofo! Ba itace ba ce, ba dabba ba, jinsinta daban. Gobe me zan nuna masa?"

Tsohon Baturen, da ke zaune yana ci tare da su, ya nemi a gaya masa abin da ake ciki, Mounkaila ya zayyana masa da Faransanci. Tsohon ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya yi magana a hankali.

"Ya ce ya san ayu," in ji Mounkaila, bai ko dubi ƙanensa ba. "Wai ba kifi ba ne, dangin giwa ne, shayarwa yake. Yana tambaya, har yanzu haka kuke yi wa baƙi?"

Hudu ya buɗe baki zai ce ƙwarai. Sai ya tuna macen ayu ta ƙarshe da Baba ya jawo gaɓa, nono na zuba a ƙirjinta. Lokacin ko kaciya ba a yi masa ba.

"A'a," ya ce a hankali. "Yanzu kifi muke ba su."