Littafin da Zoha Ya Kore da Hannunsa

Shekara da shekaru Shamsuzzoha Mridha, wanda ake kira Zoha, malamin tarihi a wata kwaleji a garin Pabna, yana gadin kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu. Ba ya rubuta sabon abu. Aikinsa bin sawun masu rubutawa: sunan marubuci a gaba, sai shekara, sai sunan littafi, sai maɗaba'a, sai shafi. Wanda ya sauya wannan jeri zai wayi gari da saƙo mai tsawo. Shi ne kuma ya tsara dokar da ta ce littafin da mutum ya buga wa kansa ba hujja ba ne. Ya tsara ta ne don wani abokin aiki da ba ya ƙauna, ta kuwa yi aiki.

Shi ma yana da littafi ɗaya, kan jiragen fito na kogin Ichamati. Kwafinsa na jibge ƙarƙashin gado, kuma duk duniya ba wanda ya taɓa kafa hujja da shi.

Sai ran nan wani baƙon edita ya kafa. Zoha ya ga sunansa a ƙasan maƙalar kogin, ya tashi ya zagaya ɗaki, ya dawo ya sake dubawa. Amma an sa sunan littafi kafin na marubuci, ba shafi, ba maɗaba'a. Ya ce wa kansa ya bar abin haka. Ya sha shayi. Ya yi wanka. Kafin azahar ya gyara, ya cike kowane gurbi, har da na maɗaba'a, wato shagon surukinsa.

A taron editoci na wata-wata, a shagon shayin bayan ɗakin karatu, Tahmina Khondokar mai kantin magani ta juyo masa da wayarta.

"Zoha-bhai, ɗan'uwana, wannan maɗaba'ar ba ita ta buga katin bikin ƙanwata ba?"

"Suna buga abubuwa iri-iri, Apa," in ji Zoha, yana kiranta yaya da harshensu.

"Haka ne. Har da kalandar masu gyaran keke."

Aka kwashe da dariya. Zoha ya ce littafin ya ci shekara bakwai ana bincike, kuma marubucin mutum ne mai tsantseni.

"Na san shi, mutumin kirki ne," in ji Tahmina. "Wa ya tantance littafin kafin a buga?"

"Matarsa ta karanta."

"Duka?"

Ya gutsiri shingara, irin samosar da ake ci da shayi.

"Wallahi da ba ka cike gurbin nan ba, ko kallonsa ba zan yi ba," ta ce. "Na zaci wata jami'a ce ta buga. Ni dai na tambayi wanda ya sa shi me ya hana shi rubuta shafi. Ya ce a jikin takardar da aka ƙunsa masa gyaɗa ya karanta, wajen lambar ya yage. Sunanka da na littafin ne suka tsira a sama. Amma ya ce bayanin ya burge shi."

Nan Zoha ya gane dalilin da ya sa ƙarƙashin gado ya fara yin fili tun damina: kwafin littafin na komawa hannun masu gyaɗa.

"Ya ce ya burge shi?"

"Sosai. To, bhai, kai ka rubuta dokar. Ka karanta mana ko in karanta?"

Bai buƙaci dubawa ba. Ya karanto ta da ka, yana tsayawa a kowane waƙafi, har a ransa ya ji jimlolin sun tsaru. Aka ce wanda ya yarda a cire ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi. Duk suka zuba masa ido, nasa ma ya tashi, ba sosai ba, kamar mai kiran yaron shago.

Don girmamawa aka bar masa gogewar. Ya ɗauki wayar Tahmina, ya kalli layin: suna, shekara, littafi, maɗaba'a, shafi. Bai taɓa ganin madogara mai kyau irinta ba a kundin nan kaf. Ya goge.

A hanyar gida ya tsaya wajen mai gyaɗa ya sayi ƙunshi ɗaya. Takardar ƙunshin, babi na huɗu ne.