Kalmar da Malam Kalilu Ya Tuna wa Jibrilla

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa, Ya bambanta harsunan bayinSa, Ya sanya hakan aya ga masu hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

Bayan haka, za ni ba da labarin abin da na gani da idona a wata makarantar elementare da ke wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, shekaru kaɗan bayan babban yaƙin Turawa. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfa. Ni ke karantar da addini da safe, Malam Kalilu kuwa shi ke da ajin manya, shi ke koya musu Turanci.

Kafin ya shiga boko, Malam Kalilu ya haddace Alƙur'ani a zauren mahaifinsa a Bafarawa. Shekara goma sha ɗaya yana tsayawa bayan liman a sallar asham, in liman ya sarƙe shi ke tuna masa. A Turanci kuwa bai yarda yara su rera abin da ba su san ma'anarsa ba. Yakan shigo aji da ƙwarya ko fartanya ko igiyar ɗaure akuya, ya ɗaga, ya faɗi sunanta, sa'an nan ya sa yaro ya gina zance a kanta. Tsarinsa shi ne yaro ya ji tukuna, ya faɗa, ya karanta, rubutu ya zo daga baya. Amma in yaro yana karatu ya tsaya, kafin ya mayar da numfashi Malam Kalilu ya riga ya jefa masa kalmar. Ba mu taɓa ganin aibin haka ba, don mu ma haka aka karantar da mu.

Cikin yaran akwai Jibrilla, ɗan Labbo, wani makiyayi na Turba. Sanƙarau ya ɗauke wa Labbo babban ɗansa, ba shi da mai bin shanu, saboda haka kowace kaka yakan zo ya nemi a ba shi yaronsa. A shekarar da nake magana ya same mu a rumfa, ya jingine sandarsa.

"Malam, shanuna ba su jin Turanci," in ji shi. "Ko ka gwada musu ban sani ba?"

"Ba don shanu nike koya mai ba, Labbo. Don ran da malamin dabbobi zai zo da takarda, a sami naka mai karanta ta."

"Shekara ukku kana gaya min haka. Ƙafafuna sun gaji, Malam."

"Ka ƙara min wata guda. Bature na zuwa jarrabawa, an ba mu gurbi ɗaya a makarantar Midil ta Sakkwato. In Jibrilla bai samu ba, ni da kaina za ni kai maka shi har ruga."

Labbo ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji da kunnenka." Na ce na ji.

Baturen da ke duba makarantu ya kwana Isa, ya iso mana da hantsi. Dogo ne, mai ƙarancin magana, yana jin Hausa gwargwado. Aka fara da jarrabawar rubutu. Ana cikin yi ya fita ya ga direbansa a kan wata matsalar mota, ya bar Malam Kalilu da tsaron yara. Da ya duba takardu, ta Jibrilla ce a sama, da rata mai yawa.

Bayan azahar aka zo karatun baki. Bature ya ce, "Malam, kana iya tsayawa, amma ba za ka yi magana ba. Abin da yaro ya sani shi kaɗai nake aunawa. In ya yi shiru, shirun ma ina auna shi."

"Na ji, ranka shi daɗe."

Jibrilla ya karɓi littafin, aka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba. Ya fara a natse, muryarsa sarai, har Bature ya ajiye alƙalami yana sauraro. A layi na shida ya tsaya. Nan take kalmar ta fito daga bakin Malam Kalilu, da irin sassauƙar muryar da ake tuna wa liman da ita.

Bature ya ɗaga kai. "Malam."

"Tuba nike, ranka shi daɗe. Suɓutar baki ce."

Ya kamo gefen rawaninsa ya cusa a baki ya cije. Jibrilla ya ci gaba, ya gama shafin, ya juya na biyu. Can wajen tsakiya ya sake tsayawa. Ni ina bakin ƙofa, na ja tasbihi uku a zuci kafin wani abu ya faru. Na ga Malam Kalilu ya ƙara cije rawanin, gumi na bin wuyansa. Sai kalmar ta fito ta cikin rawanin, a murƙushe, amma kowa a ɗakin ya ji ta.

Bature ya miƙa hannu ya rufe littafin.

"In kana yin haka ina zaune," in ji shi, "me ka yi da safe lokacin da na fita?"

Na shiga na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, wannan mutum bai san ha'inci ba. A wurinmu wanda ya ji mai karatu ya sarƙe ya yi shiru, ya ci amanarsa. A kan haka aka rene shi."

"Na yarda ba mugunta ba ce," in ji Bature. "Amma yanzu ban san wane Turanci ne na yaro, wane ne na malaminsa ba. Malam ya fita. Za a sake."

A gaban yaransa Malam Kalilu ya ɗauki takalmansa ya fita. Aka buɗe wa Jibrilla sabon shafi. Yaron bai dubi littafin ba, ƙofar da malaminsa ya bi yake kallo, hawaye na zuba a kan takarda. Bature ya jira, na shaida ya jira da yawa. Jibrilla bai furta ko harafi ba. Daga ƙarshe Bature ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce gurbin zai koma wata makaranta.

Da motar ta tashi, muka sami Malam Kalilu zaune a gindin tsamiyar bayan aji. Jibrilla ya durƙusa gabansa ya ce, "Malam, na san ta. Duka biyun na san su. Numfashi nike mayarwa."

Malam Kalilu ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki ƙunshin kayan yaron a kansa, bai yarda kowa ya karɓa ba, muka kama hanyar Turba mu uku. Labbo ya hango mu daga cikin garke, ya ga ƙunshin, ya gane. Bai yi ba'ar da ya saba ba. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo nono.

"Yaron bai faɗi ba, Labbo," in ji Malam Kalilu. "Ni na kayar da shi."

"Mi ka yi?"

"Na tuna mai karatu."

Labbo ya dube shi ya ce, "To, ba aikin malami ke nan ba?"

Bayan kwana huɗu su Labbo suka tashi da shanu suka yi arewa, wajen ƙasar da Faransa ke mulki. Ban sake ganin Jibrilla ba. Bayan shekara bakwai wani mai sayar da kanwa ya gaya mana ya rasu a can, zazzaɓi ne, ya bar mata da jaririya. Malam Kalilu ya ji labarin a kasuwar Isa, ya dawo gida bai sayi abin da ya kai shi ba. Bai cika shekara biyu bayan haka ba shi ma ya cika.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Kalilu, Ka san niyyarsa fiye da yadda muka sani. Ka jiƙan Jibrilla da Labbo da dukan Musulmin da suka riga mu, Ka yalwata kabarinsu. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya ba shi ilimi mai amfani, Ya kyautata ƙarshensa. Amin.