Tsumman da Ya Bushe

Annoba ta share kajin Inna kaf. Ƙwansu kaɗai ya rage, shi ɗanta Dogo ya jera a cikin injin ƙyanƙyasa da ƙaninta, Kawu mai gyaran firji, ya haɗa da gangar wata tsohuwar firji. Tun tana amarya take kiwon irin kajin nan. In ƙwan ya lalace, irin ya ƙare.

Injin yana ɗakin ajiya, tsakanin taya da buhun gawayi. Ta gilashin ƙofarsa ana hango ma'aunin zafi guda biyu. Ɗaya tsirara, ɗaya an naɗe masa gindi da tsumma mai shan ruwa daga wata 'yar kwalba. In iskar ciki ta bushe, ruwan tsumman yana tashi, ma'aunin ya yi sanyi ya sauka. In iskar ta ƙoshi da danshi, su biyun su daidaita.

Jiya Dogo ya ga sun daidaita. Ya ji tsoron danshi ya shaƙe 'yan tsakin, ya zare farantin ruwan da ke ƙasan injin.

Yau da hantsi ƙwai sun fara tsagewa. Ƙananan bakuna sun leƙo, ana jin kuka siriri. Har azahar babu wanda ya fito.

Inna ta tsaya bakin ƙofa, ta tambaya ko haka ake daɗewa. Dogo ya ce haka ne. Bai kalle ta ba.

Kawu ya shigo yana goge baƙin mai a wando. Ya duba ma'aunan, ya ce lafiya lau, danshi har ya yi yawa, injinsa ba ya ƙarya.

"Injiniya, ka bar zufa haka, kar ka ƙara musu ruwa," ya ce da Dogo yana dariya.

Dogo ya matsa kusa da injin. Gilashin yake kallo. Ɗakin ya fi cikin injin sanyi sosai. Da iskar ciki a ƙoshe take, da raɓa ta kwanta a gilashin har tana gangarowa. Ga shi garau.

Ya roƙi Inna madubinta. Ya kara shi a ramin da iska ke fita ta saman injin, ya jira. Ya juyo da shi. Ko dusu-dusu bai yi ba.

Kawu ya daina dariya. Ya durƙusa, ya haska fitilar waya ta gilashin. Kwalbar a cike take, amma wutsiyar tsumman ta zame daga bakinta tana reto. Tsumman ya ƙandare kamar takarda. Ma'aunan biyu duk busassu ne, shi ya sa suka daidaita. Tantanin cikin ƙwai ya yi fari, ya manne wa 'yan tsakin a jiki.

Kawu ya ce kar a buɗe, ɗan danshin da ya rage zai gudu. A ɗura ruwa ta rami da siririn tiyo, a jira ya tashi a hankali. Dogo ya ce kukan ya fara raguwa, jira ba nasu ba ne. Suka dubi Inna.

"Ni ban san injinku ba," ta ce. "Na dai san kaza ba ta tashi daga kan ƙwai a rana irin ta yau. Dogo, in za ka buɗe, ka yi sauri."

Ta dafa ruwa, ta sirka. Kawu ya riƙe ƙofa, Dogo ya tura farantin da tawul jiƙaƙƙe mai ɗumi, aka rufe. Garin sauri Dogo ya taɓa wani ƙwai ya mirgina.

Raɓa ta fara kwantawa a gefen gilashi, ta rufe shi duka. Ba su ganin komai yanzu, sai kunne.

Can bayan la'asar wani ɓawo ya ɓare. Sai wani. Dogo ya manna kunne a jikin ƙarfen yana ƙoƙarin raba muryoyin. Da suka leƙa ta inda raɓa ta gangara, jiƙaƙƙun 'yan tsaki ne kaɗan suna tangal-tangal. Layin baya duka shiru, bakuna a waje ba motsi.

Inna ta daɗe tana kallon layin bayan. Ta tambayi Kawu ko cikin masu ran za a samu zakara. Ya ce sai sun yi gashi za a gane. Ta gyara ɗaurin zane, ta ce ya nemo mata kwali da ƙwan lantarki na ɗumama 'yan tsakin kafin shago ya rufe.