Rijiyar Jigo a Fadamar Gozaki

"Na ce motar nan ba za ta hau ba!" in ji Labo, heluman leburori. "Kai da takardarka ta sakandare, ka taɓa noman fadama?"

"Baba Labo, injiniya ya ce yau siminti zai isa."

"Injiniya yana Funtuwa yana shan iska. Mu ne a nan."

Ma'ajiyar auduga muke ginawa a bayan Gozaki, kuma ba ta inda mota za ta bi sai ta cikin fadama. Ni aka ba aikin hanyar. Ana jera azara a gicciye, a zuba marmara, a daɓe. Saura taku ashirin azara ta ƙare. Na sa aka shimfiɗa karan dawa, aka rufe da jar ƙasa. Daga sama duk ɗaya ne. A makon nan Labo yana Kafur wurin rasuwa, sai yau ya dawo.

Ya nuna tsakiyar inda na sa karan da sandarsa.

"Rijiyar jigon ubana ce a nan. Zurfinta gaba uku. Mu ba ma cike rijiya. Itace muke ɗorawa, mu tura ƙasa, da rani mu buɗe. Wannan shekara tara ba a buɗe ta ba."

"Babu rijiya a taswira."

"Taswirar ce ta haƙa?"

Sai ga ham ɗin mota daga bayan kukoki. Yusufu ne, mijin yayata Rakiya, motarsa maƙil da siminti. Leburori suka ajiye kwanduna suna kallona.

Na ɗaga hannu. Har yau ban san ko tsaya na ce ko taho ba. Yusufu ya ɗauka taho.

Azara ta yi ta ƙara a ƙarƙashin tayoyi, amma ta riƙe. Can ƙarar ta ɗauke, ya hau kara. Ƙasa ta lotsa kamar katifa, jan ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen tayar baya.

Yusufu ya taka birki.

"Daidai kan rijiyar," in ji Labo a hankali.

Yusufu ya leƙo ta taga, da ragowar dariya a fuskarsa.

"Kai ɗan boko, hanyar taka motsi take yi. In ci gaba ko in ja baya?"